Ni Na Ce a Shiga Masallaci

A garinmu, can kudu da Dogon Daji a kan hanyar Kebbe, da can ko ɓarawo aka biyo, in ya samu ya faɗa masallaci, ba mai taɓa shi sai liman ya yi magana. Na zauna Omdurman, na yi fatauci a Kumasi da Yamai, ban ga inda aka riƙe wannan al'ada kamar mu ba. Fulanin rugar yamma da manomanmu sahu ɗaya suke bi. In shanu sun shiga gona, ni ke yi musu tafinta a gaban liman, don na iya Fillanci.

Ranar Talata ce, ana cikin yankan gero. Da hantsi ina zaure tare da Liman Bello, abokina tun muna rubuta allo. Yana shan kunu, yana yi mini tsiya wai tafiye-tafiyena ba su koya mini ɗaura rawani ba.

Ƙarfe takwas saura muka ji babura daga gabas. Sai harbi, ɗaya, sannan a jere. Mata suka fito suna kiran 'ya'yansu. Samari suka nufi gonaki, inda sauran gero ke tsaye, ya fi mutum tsawo.

Na ɗaga murya: “Ku dawo! Ku shiga masallaci!”

Yawancinsu suka dawo. Ni dattijo ne, na ga duniya.

Muka rufe ƙofa. Ba a jin komai sai numfashi da tasbihin Liman. Ƙarfe tara 'yan bindigar suka ɓalle ƙofar, suka taka tabarmi da takalmansu.

“Kowa ya kwanta!”

Wasunsu na Hausa irin tamu, wasu na Fillanci. Na ce da na kusa da ni, cikin Fillanci, nan ɗakin Allah ne. Ya dube ni. Ya nuna mini kusurwa da bakin bindiga. Sauran maza aka fitar da su. Liman ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe hannuwansa. A nan ya faɗi.

Suka ɗaure ƙofar da waya ta waje. Muka zauna da mata da tsofaffi, muna jin ƙaurin rumbuna. Azahar ta yi, ba wanda ya kira salla. Sai la'asar waɗanda suka ɓuya a gero suka buɗe mu. Su ba abin da ya same su.

Da ƙafa muka kama hanya. A Jabo, wajen shan ruwa, ƙanen Liman ya riƙe mini riga.

“Baba, mi kac ce musu suka bar ka?”

Na faɗa masa. Bai saki rigar da wuri ba.

Kwana biyu bayan haka 'yan sa-kai suka ƙone rugar yamma, ta mutanen da ke bin sahunmu, waɗanda ranar Talatar nan su ma aka kore musu shanu. An ce 'yan sa-kan sun tambayi inda nake.

Yanzu ina Tambuwal, a ɗakin baya na gidan 'yata. Gida ba ya komuwa. Kasuwa ma ba na fita.

Maza tara aka fitar daga masallaci. Fuɗu sun dawo. Liman mun bar shi ba mu yi masa sutura ba. Tun ranar ban sake furta kalmar Fillanci ba, kuma salla ni kaɗai nake yinta, a cikin ɗaki.