Tumatirin da Ba a Kai Shi Markaɗe

Littattafan da na taso ina saya a kasuwar Sabon Gari su suka ɓata ni. A cikinsu masoya kullum a lambu suke zama, lambun da ba mai ban ruwa, ba kaza, ba akuya. Shi ya sa da muka kama haya a Samaru na ga ɗan fili a bayan ɗaki, na ce nawa lambun ya samu.

Irin tumatirin kuwa wata tsohuwa ce 'yar cocinmu, mazauniyar Palladan, ta ba ni. Ƙwaya shida a ƙullin takarda. Ta ce tun zamanin surukarta ake shuka shi a gidansu, yanzu gwiwa ta hana ta durƙuso.

"Wannan ba na miya ba ne, 'yata. Yanka shi ake yi fale-fale a barbaɗa gishiri. Su ke nan suka rage. Idan ya nuna ki dawo mini da iri."

"Mama, ko da zan rasa raina."

"Riƙe ranki, iri nake so."

Uku suka tsiro, kaza ta ci biyu. Ɗayan na kafa masa sanda, na yayyaga tsohon zanena na ɗaure shi. Ina tsinke ƙananan rassan da ke fitowa a hammatarsa, ina zuba ruwa a gindi don kada ganye ya jiƙe. Fure ya yi ta zubewa, ɗa ɗaya tak ya kama. Amma fa ɗa ne: ya cika tafin hannu biyu, da tsaga-tsaga kamar kabewa. Na gama tsara komai. Farin faranti, iskar yamma, in miƙa wa maigida yanka guda, ya dube ni ya kasa magana.

Maigidan nan malamin lissafi ne. Shekara huɗu ina yi masa gori cewa mazan cikin littafi sukan shiga kicin. Ranar da ya ga damar jin maganata ina wurin taron zumuntar mata. Na dawo na tarar da shi riƙe da ludayi yana gumi, gida ya ɗauki ƙamshi.

"Yau ki huta," in ji shi. "Tumatirin nan naki shi kaɗai ya kusa cika roba. Mai inji sai da ya kira maƙwabcinsa ya gani."

"Markaɗe ka kai shi?"

"To tumatir ina ake kai shi?"

A littafi nan ne ake suma. Ni takalmi na zura, na shiga keke zuwa Sabon Gari, inda ya ce ya kai shi. Mai injin ya nuna mini kwatar da yake zubar da ruwan wanki, na tsuguna da kayan coci na kwashe dagwalon a leda.

Na baza shi a fili, cikin mako guda tsiro ya fi arba'in. Na raine su duka, kowane da sandarsa, har zannuwana suka ƙare. Da suka haihu, duk dogayen nan ne na kasuwa, na miyar mutanen da ban sani ba.

Na je Palladan ba ko ƙwaya ɗaya a hannuna. Mama ta saurare ni har na gama, ta daɗe tana murza gwiwarta.

"Miyar ta yi daɗi?"

"Ta yi, Mama. Har ƙari na yi."

"Duk tsawon zamanin nan ba wanda ya gwada," ta ce. "Ashe yana miya."