Harawar Sale da Allon da Na Kafa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Sale, amma har yau masu kiwo a Tudun Wada suna kiran rumfarmu da sunansa. Ni nake yankan harawar, ni nake ɗaure ta, ni nake ɗora ta kan rumfa don rani. Sunana dai ba ya fitowa bakin kowa.

Na girme shi da shekara huɗu, kuma tare Baba ya koya mana aikin a gonarmu ta wajen Tudun Jukun. Da an gama roron wake, Sale yakan fita da lauje tun raɓa ba ta ɗauke ba, ya yanka, ya nannaɗe a hankali, ganye ba ya zuba. Ni kuwa sai rana ta take. Ina taɓawa ganyen ya kakkaɓe, in dawo gida da jijiya zalla. Tasa takan kai tsakiyar rani koriya shar, har ƙanshi take yi.

Wata shekara na ce zan kamo shi. Na yanka da sassafe, na ɗaure tamau, na jibge a ɗaki ranar nan. Ban san yakan bar tasa ta sha iska kwana biyu ba, domin girman kai ya hana ni tambaya. Ta yi baƙi, ta yi fumfuna. Ragon Inna ya sansana, ya kau da kai. Sale ya yi dariya ya ce, "Yaya, wannan ko rago ya san ba ni na ɗaure ba." Washegari ya kwaso rabin tasa ya ajiye mini. Kyautar ta fi dariyar ƙona mini rai.

Da zai leƙo yau, zai tarar gidaje sun cinye rabin gonar, masu kiwo da yawa sun koma sayen dusar buhu. Zai kuma tarar tawa ta yi kore. Matarsa ce ta faɗa mini zancen kwana biyun nan, bayan ta fita takaba.

Bara, da hannuna ya faɗa da rubutu a ajin yaƙi da jahilci, na sayi fenti na rubuta allo: Harawar Malam Isa. Baba Yohanna, tsohon malamin makaranta mai kiwon awaki a Hanwa, ya tsaya ya karanta. Ya ce, "Isa, an sayar da wurin marigayi ne?" Na ce a'a. Ya zaro ganye ya murza, ya sansana, ya ce, "To, madalla. Hannun Sale bai mutu ba."

Na ɗora masa dami biyu a keke, ban gyara masa zance ba, tun da gaskiya ya faɗa. Allon ma ban cire ba. Kullum ina roƙa wa Sale gafara, kuma har yau ban gama jin haushinsa ba. Allah ya jiƙansa.