Kwafi biyar a ɗakin Zakariya'u

Zakariya'u Tanko yana da shekara sittin da uku. Shi ke rubuta allunan shaguna a Dungas.

Da ƙuruciyarsa ya yi lakwal ta zane, wato makarantar zane, a Najeriya. Su shida ne a ajin bugu, kuma dutsen bugu ɗaya gare su. Mutum zai zana da baƙin alli mai maiƙo a kan dutsen, a shafa tawada, a danna takarda, sannan a niƙe fuskar dutsen don na gaba ya zana. Suka yanke shawarar kowa ya riƙe launi ɗaya. Kowace takarda ta bi ta hannun dukansu, launi bisa launi. Babu mutum ko dabba a ciki, sai layuka da ɗigo. Ja na Zakariya'u ne. Takarda goma suka yi, suka buga kwafi shida, kowa ya ɗauki nasa. Da aka niƙe dutsen, hanyar sake bugawa ta rufe.

Ranar rabuwa suka yi alkawari: wanda ya rasu, a kai nasa wurin Zakariya'u, don shi ne ƙaraminsu.

An cika alkawarin. Huɗu sun rasu, kwafinsu ya iso Dungas, wani a mota, wani a hannun ɗa. Mas'uda, mai launin shuɗi, tana raye a Dantchiao, amma gara ta cinye nata. Duk abin da ya saura a duniya ya taru a akwati ɗaya, cikin ɗakin ƙasa.

A daminar bara, yana kasuwa, ɗakin ya rufta. Buhunan gero ma suna ciki.

"Malam, hatsi za ka tono ko takarda?" in ji matarsa Hinda.

"Hatsi ana sake shukawa."

"To, ka ci launi da miya!"

Takardun sun manne da juna kamar ƙuli. Bakwai ya iya ɓamɓarewa da wuƙa, sauran suka zama laka.

Zakariya'u ya ce alkawarin ne ya kashe aikin, don da suna gida shida da ruwa ɗaya bai same su ba.

Ranar Asabar ya hau kabu-kabu zuwa Dantchiao, ya ba Mas'uda uku. Biyu ya aika wa iyalan mamatan. Biyu ya rataye a shagonsa, ƙarƙashin kwano.