Ranar da Yaya Sani ya ƙi ƙara gudu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Kyaftin Sani, kuma wallahi mun sha wuya. Rashin kansa na Allah ne, hawan jini ya kwantar da shi, muka kai shi makwanci. Abin da ya gajiyar da ni shi ne maganar da mutane suka bi gawarsa da ita.

Ni katako nake sayarwa a kasuwar Katako da ke Jos, karatuna bai wuce firamare ba. Shi ne Allah ya ba ƙwaƙwalwa a gidanmu, har ya zama matuƙin jirgin sama. Wata damina kamfaninsu ya dakatar da shi, ya dawo Jos ya zauna a unguwar Kabong, bai ce wa kowa komai ba. Da gari bai ji daga bakinsa ba, sai ya ƙirƙiro nasa. Aka ce wajen sauka ya taho da gudun tsiya, masu hasumiya, wato waɗanda ke ba jirage umarni daga ƙasa, suka ce ya rage, ya ƙi, saura kaɗan ya kashe mutane. Na ji a majalisa, na ji a gidan suna. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce, "Bala, bar maganar." Ƙane ba ya matsa wa wansa, sai na bari.

Bayan rasuwarsa riƙon ɗansa Kabiru ya dawo hannuna. Ya girma, ya gama jami'a, ya ce shi ma tuƙin jirgi zai koya a Zariya. Na ce ba da yawuna ba. Uwarsa ta roƙe ni, na ƙi. Tsoro nake ji, kada a ce gaggawar a jini take, ya ɗebi 'ya'yan mutane ya zubar. Yana gaishe ni yadda ya kamata, amma ya daina zama idan na shigo.

Makon jiya wani dattijo, Baba Dung, ya zo sayen katakon rufi. Muna ciniki ya ji an kira ni da sunan mahaifinmu, sai ya tsaya yana kallona.

"Kai ɗan'uwan Kyaftin Sani ne? Kunnen ma iri ɗaya."

Na ce ƙanensa ne, kuma ya rasu. Ya cire hula, ya zauna a kan tulin katako. Ashe shi ne a hasumiya ran da abin ya faru, a wani filin jirgi can kudu. Na gaya masa abin da gari yake faɗa, sai ya ce:

"Wa ya ce maka gudu ya yi? Ni ne na ce ya ƙara gudu! Jirgin wani babban mutum yana bayansa, ogana yana tsaye a kaina. Ɗan'uwanka ya ce ba zai iya ba."

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Idan jirgi ya sauko kusa da ƙasa, akwai gudun da doka ta hana a wuce, kuma matuƙi yana da ikon ya ce a'a ko da hasumiya ce ta umarce shi. Ranar ana ruwa, titin jirgi ya jiƙe, fasinja cike. Yaya ya riƙe gudunsa, ya sauka lafiya. Jirgin babban mutum ya yi ta zagaye a sama, babban mutumin kuwa da ya sauko ya kai ƙara. Aka ce Yaya ya yi gardama da hasumiya, iyakarta ke nan.

Na auna wa Baba Dung katakonsa. Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da aka sauke mini.

Ina tunanin da Yaya yana raye me zai ce da garin nan yanzu, inda mai Keke Napep ke tsere da mai tifa a kasuwar Taminus, kowa yana sauri kamar an biyo shi. Ina jin ba zai ce komai ba, haka yake. Zai bar su su yi ta hon a bayansa. Bai bar gidaje ba, bai bar suna a jarida ba. Mutanen da ya saukar ranar suna can suna aurar da 'ya'yansu, ba su ma san sunansa ba. Ni wannan ya ishe ni.

Washegari da safe ban buɗe shago ba. Na hau keke zuwa Kabong, na tarar da Kabiru yana wanke motar uwarsa. Ya durƙusa zai gaishe ni ya wuce, na ce tsaya.

"Yaushe ake ɗaukar sababbi a Zariya?"

Ya ce, "Baffa, ai ka hana."

Na ce, "Na janye. Ajiye bokitin nan, kira mamanka, ku zo ku ji wane ne ubanka."