Mai Layi, Wanda Ya Hana Farfesoshi Ƙarya

Shekara talatin ke nan, kullum ƙarfe bakwai da rabi na safe tana yi sai ya buɗe ɗakin na'urori. Sai ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya yana dafa bayansu ya ji zafinsu, sannan ya zauna a kujerarsa mai ɗaurin waya a ƙafa, ya duba ayyukan da ke jira. Mai Layi muke ce masa. Kwamfutocin jami'o'i huɗu aka haɗa suna aiki tare, kowa na turo lissafinsa, shi ke tsara mai shiga da mai jira. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ni na riga shi ajiyewa, amma har yau ina kewar ƙugin fankokin ɗakin nan.

Dokar da ya tarar, a takarda ba ta da aibu: gajeren aiki ke fara shiga. Mu kuwa masu ilimi nan da nan muka gano kanta. Aikin awa tara, sai ka rubuta awa biyu a fom ɗin shiga layi. Ana cewa karatu na gyara hali. Ni dai na ga farfesoshi ashirin suna shara ƙarya a fom iri ɗaya, kuma ina cikinsu.

Wadda abin ya ci wata ɗalibata ce mai goyo, da take rubuta gaskiya: awa shida. Kullum tana ƙarshen layi. Saura kwana goma ta miƙa kundin digirinta, in ta makara sai baɗi.

Shugabanni suka ce a yi wa mutane nasiha. Aka yi, muka gyaɗa kai, muka ci gaba. Mai Layi ya ce akwai fannin lissafi da ke nazarin yadda mutum ke zaɓi in ya san kowa dabara yake yi, kamar 'yan dara. Ya ƙara doka ɗaya: lokacin da ka rubuta shi za a ba ka cif, yana cika na'ura ta yanke aikin, ka koma baya.

Ni aka fara yankewa. Na hau bene zuwa ɗakinsa ina haki. Da yake na girme shi, ƙanena nake ce masa, shi kuma ya ce min Yaya.

"Ƙanena, aikina ka kashe?"

"Ba ni ba ne, Yaya. Awa biyu kika rubuta, na'ura ta yarda da ke. Ta san ba kya ƙarya."

"To yau dai ka ɗaga min ƙafa."

"In na ɗaga miki, gobe sauran sha tara na bakin ƙofa. Ga biro."

Na rubuta tara. Shidan ɗalibata ta shiga gabana, ta miƙa kundinta saura kwana biyu.

Mai Layi, kai ne ba ka taɓa ce wa kowa maƙaryaci ba, ka dai gyara layin har ƙaryar ta daina amfani. Kai ne aka zagaya da takardar neman a cire ka daga aiki, ka yi wa masu zagayawar kwafi da injinka. Ban sa hannu ba, amma sai da na karanta ta sau biyu, kuma wannan ma ina jin kunyarsa.

Na gode, ƙanena. Allah Ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu riƙe da layi, a asibiti ko ofis ko makaranta, ku leƙa ƙarshen layinku ku ga wa ke tsaye. In mai gaskiya ce da goyo, ku bar yi mana wa'azi, ku gyara dokar.