Gwaggo Rakiya, da zagin da aka yi mata alkawari

Ranar Talata, 11 ga Yuni 2024, ina ofis a Yamai aka bugo mini waya daga Ɗan Kassari cewa Gwaggo Rakiya, yayar mahaifina, ta rasu bayan 'yar gajeruwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Gwaggo, za a yi ta cewa ke mai haƙuri ce, don haka ake faɗa wa kowane mamaci. Ba ki da haƙuri ko kaɗan. Abin da kike da shi baki ne, kuma da bakin nan kika yi wa garinmu aiki.

Ke Ba'ara ce, Zalika mai tallan nono Bafulatana, kuma tsakanin Arawa da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni. Ban taɓa jin kun gaisa da daɗin rai ba. Kina ce mata ɓarauniyar hatsi, tana ce miki baiwarta, sannan ki cika mata ƙwarya da gero.

Na tuna shekarar da shanun 'yan'uwanta suka faɗa gonar wake. Samari sun ɗauko sanduna, kika tare su a bakin hanya. "Ku bar su," kika ce. "Mutanen da ba su san tuwo ba, ai gara ko shanunsu su ɗanɗana abincin kirki." Dattawan Fulani suka rama, aka yi dariya, aka zauna aka sasanta ɓarnar. Ba a kai ga jandarma ba. A jami'a mun ba irin wannan wasa dogon suna da Faransanci, ana kuma yi masa taro a birni, da lasifika da kujerun roba. Ban taɓa jin an yi dariya a irin taron ba.

Kowa ya san alkawarinku da Zalika: wadda ta riga tafiya, ɗayar ta zo ta zage ta a gaban masu makoki, kada 'ya'ya su watse da kuka kaɗai. Amma ɗanki Luƙman, ɗan kasuwa a Dogon Dutsi, mai kula da addininsa, ya roƙa cikin ladabi kada a yi wasa a zaman makokin. Ba na ganin laifinsa. Rahama yake nema wa uwarsa, ta hanyar da ya yarda da ita.

Zalika ta zo, ta zauna a gefen tabarma, tana amsa "amin" kamar baƙuwa. Ba a taɓa ganin ta da ladabi haka a gidanki ba, kuma abin ya fi kuka ciwo.

Sai ranar da za ta koma ruga ta tsaya a ƙofar ɗakinki, ta ɗaga murya. "Raguwa! Kin ga ruwa ya sauka, an fara shuka, kin gudu. Ba'ara ko da yaushe wayo!"

Muka dubi Luƙman. Dariya ta kuɓuce masa, ya rufe fuska da hularsa, ya daɗe bai buɗe ba. Da ya buɗe, cewa ya yi, "Inna Zalika, Allah shi gafarta muku ku biyu."

Na raka ta bakin gari. 'Ya'yanta da namu suna gaisawa yanzu da mutunci ƙwarai, irin na mutanen da ba su san juna ba. Ba ta yi mini zancenki ba. Ta gyara ƙwaryarta a kai, ta ce, "Ni na cika nawa, ɗiyata. To ni, wa zai zage ni?"



Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki abin da bakin nan ya wuce gona da iri, Ya sanya abin da ya sulhunta a mizaninki, Ya haskaka kabarinki. Ina miƙa ta'aziyya ga Luƙman da ƙannensa, da mahaifina, da jama'ar Ɗan Kassari. Ita kuwa Zalika, wadda ba ta cikin dangi kuma babu mai zuwa yi mata gaisuwa, Allah Ya ba ta haƙurin rashin abokiyar faɗa. Amin.