Ranar da Na Ƙi Sa Kwaɗo

Sau biyu aka sayar da ni a Libiya. Shekara uku ina aikin gona, da yamma a kora mu ɗaki a datse ta waje. Da na dawo Bauchi na samu gadi na wucin gadi a wani ofishin gwamnati a GRA. Aikin a fili yake: buɗe ƙofa, rufe ƙofa, ɗaga tuta da safe, sauke ta ƙarfe shida. Ƙa'ida ce tuta ba ta taɓa ƙasa. A hannuna ba ta taɓa ba.

Ranar da ba ta fita raina ita ce jajibirin ɗaya ga Oktoba, shekarata ta huɗu a wurin. Washegari manyan baƙi za su zo bikin 'yancin kai. Ƙarfe huɗu, lokacin tashi, masu shara su bakwai ba su gama wanke zauren taro ba. Jami'in da ke kula da mu ƙananan ma'aikata ya kira ni.

"Malam Sale, sa wa zauren nan kwaɗo. Ba mai fita sai an gama."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da mutane a ciki?"

"Awa biyu ne kawai. In aka bar su sulalewa za su yi."

Maman Rifkatu, babbar cikinsu, tana bakin ƙofa da tsintsiya. Ta ce, "Baba Sale, kulle kawai. Kada ka rasa abincinka saboda mu."

Kwaɗon yana hannuna. Na san ƙarar da yake yi in kana daga ciki.

Na ce, "Yallaɓai, gobe bikin me za a yi?"

Ya ce ba don hira ya kira ni ba, in kulle ko in ba da makulli. Na miƙa masa duka biyun. Ya tsaya da su a hannu, ya dubi matan, ya koma ofis. Shi ma bai kulle ba. Kafin in sauke tuta sun gama, ƙofa a buɗe, ba wadda ta sulale.

Bayan mako guda aka ba ni takarda. 'Yata ta karanta mini: an sallame ni, na ƙi bin umarni.

Can a hamadar Libiya, ƙasar nan nake mafarki, har yau ina sonta. Amma 'yancin da na sani shi ne ƙofar da za ka iya buɗewa daga ciki. Ku sababbin masu gadi, na waje aka ɗauke ku ku tare, ba na ciki ba.

Yanzu ina gadin wani gida da ake ginawa a Gwallameji. Ba a sa masa ƙofa ba tukuna.